Ƙaramin jirgin ƙasa a ɗaki: ina son haɗa tashar Zariya, ku ba ni shawara

Abban Hanan: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ni sabon shiga ne a harkar nan. Ƙanina da ke karatu a Jamus ya aiko min da saitin ƙaramin jirgin ƙasa ɗan gwanjo: kan jirgi ɗaya, tarago huɗu, dogo mai zagaye da akwatin wuta. A jikin kwalin an rubuta H0. Tambayata biyu ce. Ta farko, in na kunna sai ya ɗan tafi ya tsaya, sai na taɓa shi da yatsa sannan ya ci gaba, fitilarsa kuma tana ta ƙyaftawa. Injin ne ya mutu? Ta biyu ita ce babba. Burina in haɗa tashar Zariya yadda take a wajen 1950, da jirgin kwal da taragun gyaɗa da auduga. Ta ina ake farawa?

Injiniya Hambog: Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Kafin komai kifa kan jirgin ka duba cikinsa. Akwai wani dogon ƙarfe shimfiɗaɗɗe tsakanin ƙafafun? A tsakiyar dogon kuma akwai 'yan ƙusoshi jere?

Abban Hanan: Babu ko ɗaya, Injiniya. Ƙarfe biyu ne kawai.

Injiniya Hambog: Madalla. Na tambaya ne saboda a nan Jamus tsari biyu ne ke yawo da suna ɗaya, wato H0 ɗin nan, wanda ma'aunin girman jirgin ne. Na Märklin yana ɗaukar wuta daga ƙusoshin tsakiya, sauran kamfanoni irin su Roco da Piko da Fleischmann kuwa daga ƙarafan dogon biyu suke ɗauka, kuma ba sa hawa layin juna. Naka na biyun ne, wutarsa DC ce, wato irin ta batiri, wajen bolt 12. Injinka lafiyarsa ƙalau in sha Allah, datti ne. Duk wutar da yake samu ta ɗan wurin da ƙafa ke taɓa dogo take shiga, wurin kuwa bai kai kan allura ba. Ƙura kaɗan ta shiga tsakani, shi ke nan ya tsaya. Ka sami sifirit a kemis, ka jiƙa farin tsumma marar gashi ka goge saman dogon, za ka ga baƙi ya fito. Ƙafafun kuma ka goge su da auduga mai tsinke. Daga nan ka bi mahaɗan dogon ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi sako-sako ka ɗan matse shi da filaya.

Ɗan Sabongari: Ni dai samfefa nake sa wa nawa, nan take yake ƙyalli.

Injiniya Hambog: Don Allah Abban Hanan kar ka bi wannan. Samfefa tana karce ƙarfen, kowane karce kuma ya zama maɓoyar datti. Yau ka ga ƙyalli, jibi ya fi da baƙi. In dogon na baƙin ƙarfe ne mai rufi, ta cinye rufin, damina na zuwa tsatsa ta kama.

Ɗan Sabongari: To ai nawa yana tafiya.

Mai Rediyo Fagge: Yana tafiya saboda kullum kana gogewa, malam. Ni abin da zan ƙara shi ne zancen mai. Kar wanda ya ɗiga masa baƙin mai ko man keken ɗinki barkatai, balle man gyaɗa. Wani man yana cin roba, giyar ta tsage. Akwai mai na musamman da ba ya taɓa roba, shi ma ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa kowace gaɓa. Mai in ya yi yawa shi ke kama ƙura ya zama kwaɓa. Sannan ka karanta abin da ke rubuce a bayan akwatin wutar. Na Jamus 230 ne, daidai da namu. Amma duk wanda aka kawo wa daga Amurka 120 ne, na Japan 100, in ka soka shi kai tsaye a bango sai dai ka ji ƙauri. An sha kawo min irinsu shago.

Abban Hanan: Alhamdu lillahi! Na goge, tsumman ya yi baƙi ƙirin. Yanzu yana zagayawa babu tsayawa. Allah ya saka da alheri. Saura zancen tasha.

Baba Reluwe: Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya sa ni a gidan nan, ni dai karatu nake yi ba na magana. Amma da na ji an ambaci Zariya sai na kasa haƙuri, don a nan na yi yawancin aikina. Yaro, wannan dogon naka faɗinsa nawa ne?

Abban Hanan: Barka da warhaka Baba, Allah ya ƙara girma. Na auna da rula, milimita 16 da rabi ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Baba Reluwe: Shi kuma jirgin an rage shi sau nawa?

Injiniya Hambog: Sau 87, Baba.

Baba Reluwe: To ku buga lissafi. 16.5 sau 87 ya ba ku wajen 1,435. Wannan faɗin dogon Turai ne, irin wanda aka shimfiɗa daga Abuja zuwa Kaduna aka buɗe a 2016. Namu na da, wanda ya isa Kano a 1911, ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. Shi ne ya bi ta Zariya, shi ne ya tafi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, shi ne ya kai Nguru a 1930. Jirginmu gangar jikinsa faffaɗa ce, ƙafafun suna can ciki a ƙarƙashi, in ka tsaya a gabansa za ka ga ya yi wa dogon rumfa hagu da dama. In ka ɗora shi a kan wannan dogon naka zai tsaya a tattale. Duk wanda ya yi aikin reluwe kallo ɗaya zai yi masa ya ce wannan ba namu ba ne.

Ɗan Sabongari: Baba da girmanku, wa zai zo da rula ɗakin mutum? Jirgi dai ya zagaya yara su yi murna.

Baba Reluwe: Shi ya ce tashar Zariya yake so. Da cewa ya yi jirgi kawai, da ban buɗe baki ba.

Ustaz Kumasi: Ina bayan Baba. Mu ma a Gana tsohon layinmu 1,067 ne, haka Sudan da Afirka ta Kudu. In ka raba 1,067 da 87 za ka sami 12 da ɗoriya kaɗan. Ke nan dogo mai milimita 12 ake bukata, kuma akwai shi. Peco na Ingila suna yi, ana kiransa H0m, asali don masu kwaikwayon jiragen duwatsun Suwizalan masu faɗin mita ɗaya. Mutanen Kwinsilan a Ostareliya da shi suke haɗa nasu.

Injiniya Hambog: Gaskiya ne Ustaz, amma ka faɗa masa sauran. Dogon 12 ba a cika samunsa a gwanjo ba, kan jirginsa kuma tsada gare shi ko a nan. H0 na yau da kullum kuwa kowace kasuwar tsofaffin kaya ka shiga za ka tsince shi a kwali. Mutumin da ke Zariya, wanda in ƙaramin sifirin ya ɓace masa sai ya jira mai zuwa hutu, ban ga dalilin da zai ɗauki abin da ya fi wuyar samu ba. Kuma ba kansa farau ba. Turawan Ingila da suka fi kowa tsantseni, a ma'auninsu da suke kira OO an rage jirgin sau 76 amma dogon 16.5 ne, wato ya yi masa kaɗan, tun shekarun 1930 suke haka kuma duniya ba ta tashi ba. Japanawa yawancin layukansu 1,067 ne irin namu, suna rage jirgi sau 150 su ɗora a dogon milimita 9, alhali lissafi 7 ya ce. Kato da Tomix haka suke sayarwa, mutane suna saye. Frateschi na Birazil ma haka, jiragen siririn dogo a kan 16.5.

Ustaz Kumasi: Don wasu sun yi ba daidai ba sai mu ma mu bi?

Injiniya Hambog: Don mutum ya samu ya fara. Na ga masu jiran cikakken kaya shekara da shekaru, har yau ko katako ba su yanka ba.

Maman Sadiq: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni zanen gine-gine na karanta, ƙananan samfuran gidaje da kwali kuwa sun ci min dare ba adadi a makaranta. Kuna ta jayayya a kan canza dogo. Me zai hana a bar dogon a canza girman jirgin? Ku raba 1,067 da 64. Ya ba ku 16.7. Dogon da ke hannun Abban Hanan 16.5 ne, bambancin ko ido ba zai gani ba. Ke nan in ya gina komai a kan kashi ɗaya cikin 64, dogonsa ya zama na Zariya sak. Mutanen Niyu Zilan haka suke yi tun tuni, don su ma layinsu 1,067 ne. Injin da ƙafafun na H0 zai riƙe, gangar jikin kawai zai cire ya ƙera wata babba da kwali mai ƙarfi ko faifan roba. Tun da dai babu kamfanin da zai kawo masa jirgin Najeriya na 1950 a kwali, ko wace hanya ya bi sai ya ƙera da hannunsa. To gara ya ƙera babba, ya fi sauƙin yanka da riƙewa. Mutum mai tsawon mita 1.7 a H0 bai cika santimita 2 ba, a nan kuwa ya kusa 2.7. Ƙarin daɗi, 'yan motocin ƙarfen nan na yara irin Hot Wheels da Matchbox yawancinsu kusan wannan girman ne.

Injiniya Hambog: Hajiya kin gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: katakan ƙarƙashin dogon H0 za su yi ƙanana kuma sun matsu da juna in aka auna da 64. Amma in an zuba tsakuwa ta rufe su, sai mai neman magana ne zai lura.

Ustaz Kumasi: Ni zan lura.

Mai Rediyo Fagge: Ai kai aka nufa, Ustaz.

Baba Reluwe: 'Yata Allah ya yi miki albarka. To bari in ƙara muku aiki. Zariya ta 1950 dogo iri biyu gare ta. Akwai ƙaramin jirgin Bauci, wanda ya tashi daga Zariya ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru saboda kuza. An gama shi a 1914, aka rufe a 1957. Ni ban hau shi ba, mahaifina ne ya yi aiki a kansa, yana ba mu labarin rashin saurinsa. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne, milimita 762. Da babban layi ya isa Jos ta Kafancan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja baya. In za ka yi Zariya ta wancan lokaci ba ka sa shi ba, ka bar rabin labari.

Maman Sadiq: Baba kun ga ikon Allah, 762 a raba da 64 ya ba da 11.9. Dogon milimita 12 ɗin da Ustaz yake ta talla, ga inda zai yi aiki.

Ustaz Kumasi: To alhamdu lillahi, ban yi asarar yawu ba.

Abban Hanan: Kai jama'a, kun sa kaina ya yi girma. Baba, wane irin kan jirgi ne ya fi yawa a lokacin?

Baba Reluwe: Wanda za ka nema hotonsa shi ne mai sunayen koguna. An fara kawo su daga Birtaniya a 1948, kowanne da sunan kogi a jikinsa. Ƙafafunsa ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja, ƙanana biyu a baya, sai taragon kwal da ruwa a bayansa. Kwal ɗin daga Inugu ake kawowa. Mun tarar da ƙarshensu. Kada ka manta da tankin ruwa a kan ƙafafu da bututunsa mai lilo, da ramin zubar da toka, da tulin kwal. Ƙasan wurin da suke tsayawa kuma baƙa ce, mai da toka sun cakuɗa. Na ga hotunan da kuke sawa a gidan nan, komai fes kamar an wanke. Tasha ba ta taɓa zama haka ba.

Injiniya Hambog: Wannan gaskiya ne Baba. A Miniatur Wunderland, gidan kallon ƙananan jiragen ƙasa da ke nan Hambog, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, dogon da suka shimfiɗa ya haura kilomita 15, kuma kowane minti 15 dare yana yi gari ya waye. Amma ni abin da ya fi tsayar da ni a can tsatsar da suka shafa wa rufin kwano ne da ciyawar da ta tsiro tsakanin layukan da ba a bi. Abban Hanan, ga inda zan ja maka birki. Kilomita ɗaya a kashi 64 ya haura mita 15. Ɗakinka nawa ne?

Abban Hanan: Shagon gidana ne, ƙafa 12 da 10, kuma akwai buhunan masara a ciki.

Injiniya Hambog: To tashar Zariya dukanta ba za ta shiga ba ko an fitar da masarar. Ka zaɓi lungu ɗaya. Kuma ka cire ranka daga zagaye. Lanƙwasar da manyan kawunan jirgi ke iya bi ba su sauka ba, faɗin da'irarta ya kusa mita ɗaya, da gefe da gefe ka cinye falankin nan mai ƙafa 4 da 8, hannunka kuma ba zai kai tsakiya ba in yana jingine da bango. Ka yi kanta a jikin bango, faɗin santimita 40, tsawon mita biyu da rabi. Akwai wani tsari da wani Bature Alan Wright ya shahara da shi, Inglenook. Layi ɗaya ne ya rabu uku, ɗaya yana ɗaukar tarago 5, biyun kowanne 3. Tarago 8 ne a fili, sai a yi ƙuri'a a fitar da 5 da jerin da za su bi, kai kuma ka yi ta gaba da baya har ka jera su. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa. Masauyin layi biyu kawai za ka saya.

Baba Reluwe: Wannan ai shantin ne, wato jera taragu a tasha, aikin da muka yi ta yi da fitila a hannu cikin sanyi. Yanzu shi ne ya zama wasa? To in za ka yi, ka tafi a hankali. Na ga bidiyon wasunku jirgi na gudu kamar an biyo shi.

Injiniya Hambog: A kashi 64, gudun kilomita 15 a awa bai wuce santimita 6 da rabi a daƙiƙa ba. Ka auna da agogo ka gani.

Ɗan Maraɗi: Sannunku. Mu da muke jiran dogon Kano ya iso mu, a tebur muka fara ganin jirgi. Shawarata kan katako ce. Gara. Ka shafa wa falankin magani da fenti ciki da baya kafin ka kafa komai, kada kuma ƙafar teburin ta taɓa bangon ƙasa. Sannan katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, ƙarfen dogo kuma yana miƙewa da zafin bazara. In ka manne dogon kam-kam babu sarari, wata rana za ka tarar ya yi doro. Ka bar 'yar tazara a mahaɗa, kaurin katin waya ya isa. Ka ɗinka masa mayafi na leda ko yadi, in ba haka ba hazon Disamba kullum sai ka yi shara kafin ka kunna.

Mai Rediyo Fagge: In ka bar tazara kuma kada ka dogara da mahaɗa su kai wuta. Ka ja waya biyu masu kauri a ƙarƙashin kanta, daga kowane guntun dogo ka sauko da siririyar waya ka like da dalma. Ka like a gefen waje na ƙarfen, don ƙafa ta ciki take bi. Ka yi sauri da kan dalmar, in ka daɗe robar ƙasa ta narke. Zancen ɗauke wuta kuwa, tun da DC ce, batirin sola mai bolt 12 da ɗan abin rage gudu na PWM sun ishe ka. Amma ka sa fis ko ƙwan fitilar mota a tsakani. Batiri ba ya da tausayi, in tarago ya sauka ya haɗa ƙarafan biyu, waya za ta yi ja kafin ka miƙe.

Ɗan Sabongari: Ni DCC nake so, wanda kowane jirgi ke da lambarsa har da ƙara da usur.

Mai Rediyo Fagge: Mai kan jirgi ɗaya me zai yi da shi? In sun kai uku a yi maganar. Ko a lokacin ma akwai DCC-EX, da ɗan allon lantarkin nan Arduino ake haɗawa, ba sai an sayi na kamfani ba.

Abu Ammar: Ina da tambaya, ba don in ɓata wa kowa rai ba. 'Yan mutum-mutumin da ake jerawa a tasha fa? Ni zuciyata ba ta kwanta da su ba.

Ustaz Kumasi: Tambaya ce mai kyau, amma nan ba zauren fatawa ba ne, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Ni dai ba na sawa. Keke a jingine, tulu a gindin bishiya, tabarma da buta a inuwa, ƙofa a buɗe, sun isa su nuna akwai mutane.

Abu Ammar: Na gamsu, Allah ya saka.

Abban Hanan: Hajiya, buhunan gyaɗa fa? Na yi tunanin in jera ƙwayar wake in shafa fenti.

Maman Sadiq: Kana da masara a ɗakin, ka ƙara wake, ɓeraye za su yi maka godiya. Kada abin ci ya hau teburin nan ko kaɗan. Buhu mai tsawon mita ɗaya santimita ɗaya da rabi ne a wurinka. Ka murza yumɓu ya yi tsawo, ka yayyanka, ka danna kowane guntu da tsohon bandeji don saƙar buhu ta fito, ka bar shi ya bushe a inuwa. In tuli za ka yi, ka haɗa ƙwaryar da kwali, buhunan a waje kawai za ka liƙa. Amma manyan dalar gyaɗa da kowa ya sani a hoto na Kano ne, kada sha'awa ta sa ka cika Zariya da su. Tsakuwar dogo kuma yashin rafi ya isa, ka tankaɗe da rariya ka ɗauki mai matsakaicin ƙwaya, ka wanke ka shanya. Kafin ka zuba ka bi shi da maganaɗisun tsohuwar sifika, za ka sha mamakin baƙin garin ƙarfen da zai kama, wanda da cikin injinka zai shige. Ka baza shi a bushe da burushi, ka fesa ruwa, sannan ka ɗiɗɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka rabi da rabi da ruwa, da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa. Kada gam ya kusanci harshen masauyin layi. Jar ƙasa kuma ba sai ka sayi fenti ba, ka ɗebo ta gaske ka daka ka tankaɗe.

Baba Reluwe: Ka sa bishiyar mangwaro da dalbejiya a bayan gidajen ma'aikata. Akwai wasu tsofaffin hotuna a akwatina, in jikana ya dawo daga makaranta zan sa ya ɗauka ya turo. Wanda kuma hanya ta kai shi Ikko ya leƙa gidan tarihin reluwe na Jaekel House a Ebute Metta, akwai hotuna da kayan aiki na da.

Abban Hanan: Allah ya ƙara lafiya Baba, muna jira. Na tsayar da shawara: kashi 64, kanta a bango, layi uku. Gobe zan je wurin kafinta. Injiniya, in kana zuwa hutun Sallah ka taho min da masauyin layi biyu, da guntun dogon 12 ko mita ɗaya ne, in shimfiɗa shi a gefe da tarago ɗaya a kai saboda Baba.

Injiniya Hambog: Ba damuwa. Na hagu ko na dama? Kuma ka auna min tsayin ƙarfen dogonka, akwai mai milimita 2.5 akwai mai 2.1, in suka bambanta tarago zai riƙa tuntuɓe a mahaɗa.

Abban Hanan: Bari in zana a takarda in turo a duba tukuna.

Ustaz Kumasi: Ka zana da ma'auni, santimita ɗaya a madadin goma. Kuma ka bar wa kan jirgi da tarago uku wurin ja da baya kafin masauyin farko, yawancin masu farawa a nan suke gajarta shi.